Rairayi Ne Ke Tura Ƴan Lakwal Gaban Kamiyo: Tasawa Da Mayahi Na Buƙatar Hanyoyin Keke



Yau ina so mu yi maganar abin hawan da ya fi kowane arha a garuruwanmu, wanda kuma ya fi kowane rashin gata bisa hanya, wato keke. Na san wani zai yi murmushi ya ce ana fama da tsadar hatsi da matsalar ruwa, kai kuma ka zo mana da zancen keke. Ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe. Wanda ke bisa keken nan da sassafe ɗan lakwal ne, ƙanenka ko ɗiyarka. Mushe ne da ke koyarwa a ƙauyen da ke bayan gari. Dattijo ne da ya ɗauro kaji zai kai kasuwa ya sayo tiyar hatsi. Idan muka yi maganar keke, ransu muke magana a kai.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: tsakiyar garin Tasawa na buƙatar hanyoyin keke masu haɗe da juna, waɗanda za su ɗauki yaro daga unguwarsu zuwa lakwal, su ɗauki babba zuwa kasuwa da likita, ba tare da ya yi kafaɗa da kafaɗa da kamiyo bisa gudron ba. Mayahi kuwa ta ware wurin irin waɗannan hanyoyi tun yanzu, kafin yankan filaye ya cinye shi. Kuma aikin bai fi ƙarfin komin ba.

Mu fara da yadda garin yake. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni da Maraɗi, ita ce ta ratso Cadawa da Agye da Gazawa ta shigo Tasawa, ta fita ta Maijirgi ta nufi Takeita da Damagaram har Difa. Ita ce jijiyar ƙasar nan baki ɗaya. Duk babbar bas da ta ɗauko fasinja daga Yamai zuwa gabas, ta nan za ta bi. Duk kamiyon da ya ɗauko siminti ko albasa ko buhunan wake, ta nan. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a ƙarshen 2011, tankokin mai ma sun ƙaru a kanta, suna fitowa daga Damagaram suna yin yamma. To amma wannan hanyar da ƙasa ta ɗauka a matsayin hanyar wucewa, mu ita ce tsakar gidanmu. A bakinta shaguna suke, da masu shayi, da masu tsire, da masu faci, da ƴan kabu-kabu masu jiran fasinja, da masu ruwa-ruwa da kwalabensu. Hanya guda tana aiki biyu da ba sa jituwa: direban nesa yana so ya wuce da sauri, ɗan gari yana so ya tsaya ya ƙetara.

Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce: me ya sa mai keke ke hawa gudron ɗin, alhali ga lunguna nan birjik a cikin unguwanni? Duk wanda ya taɓa taka feda a garin nan ya san amsar. Rairayi. In ka cire ƴan tituna ƙalilan, lungunanmu rairayi ne mai zurfi, wanda tayar keke ke nutsewa a ciki. Babba mai ƙarfi ma sai ya sauka ya tura, balle yarinya ƴar shekara goma sha biyu da jakar littattafai a baya. Da damina kuma ruwa ya kwanta, tabkuna su cika su malalo, lungun da ka bi jiya yau ya zama laka. Saboda haka ƙasa mai tauri ɗaya ce kowa ya san ba za ta ba shi kunya ba, ita ce gudron. Yaro bai zaɓi haɗari don ganganci ba, ya zaɓi inda taya ke juyawa ne.

Da ya hau gudron ɗin kuma, ina wurinsa? Gefen hanya, wanda ya kamata ya zama mafakarsa, teburin mai sayar da kaya ya ci rabi, baburan da aka jingine sun ci sauran. Inda babu tebur, iska ta tara rairayi a bakin titi, ko kuma gefen gudron ɗin ya zaizaye ya zama kamar matakala. Dole ya kutsa tsakiya. A nan zai haɗu da amalanken shanu a gabansa, kabu-kabu a damansa, adaidaita ta tsaya ba sigina, ga bas na danna oda daga baya. Wanda ya taɓa jin iskar babbar mota ta wuce shi kusa ya san yadda take fizgar keke. Direban kamiyo kuma, daga can saman kujerarsa, akwai wuraren da ba ya gani ko kaɗan, musamman gefen damansa kusa da taya. Daidai wurin da mai keke ke raɓewa ke nan.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na lakwal. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa guda. Kafin direba ya ga yaro, ƙwaƙwalwarsa ta ba ƙafa umurni, ƙafa ta taka birki, daƙiƙa guda ta wuce. Mita 14 sun tafi tun birkin bai fara kamawa ba. In gudun kilomita 30 yake yi, mita 8 da ƴan kai ne. Idan kuma kamiyo ce mai lodi, nisan tsayawarta ya fi na ƙaramar mota nesa ba kusa ba. Shi ya sa babban taron ministoci kan kiyaye haɗurran hanya da aka yi a Sitokholm, babban birnin Suwidin, a watan Fabrairun 2020, ya yi kira da a tsaida gudu a kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Mun yi imani da ƙaddara, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Yanzu me nake nufi da hanyoyi masu haɗe da juna? Wannan shi ne ginshiƙin maganata. Sau da yawa idan aka ce hanyar keke, abin da ke zuwa ran mutane shi ne a ja farin fenti a gefen gudron na tsawon mita ɗari biyar, a kafa allo, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Irin wannan ba ta tsare kowa. Hanyar keke kamar igiyar guga ce: ko da gaba ashirin ce mai ƙwari, in ta tsinke wuri ɗaya, guga ya tafi rijiya. Uba ba zai bar ɗiyarsa ta hau keke zuwa kolej don kashi tara cikin goma na hanyar lafiya lau ne ba. Abin da zai duba shi ne mahaɗar nan guda inda dole ta ƙetara gaban manyan motoci. In ba a gyara wannan wurin ba, sauran duk aikin banza ne. Don haka ba a auna hanyar keke da tsawonta, ana auna ta ne da wurin da ya fi muni a cikinta.

Ba sai mun je ƙasar Turawa ba kafin mu ga misali. Ɗan Nijar da ya taɓa zuwa Wagadugu ya ga yadda wasu manyan titunan birnin ke da hanya ta daban a gefe don kekuna da ƙananan babura, a rabe da ta motoci. Can mace da zanenta da goyonta tana tuƙa keke zuwa kasuwa, ba wanda zai ɗaga kai ya kalle ta. Ƙasar da ke shirya tseren keke na Tour du Faso tun 1987 ba ta ɗauki keke abin kunya ba. Rana ɗaya ke dukanmu da su, ƙura ɗaya muke shaƙa, aljihunmu ma kusan ɗaya ne.

Holan da ake yi wa kirari da ƙasar kekuna ma ba haka ta tashi ba. A 1971 haɗarin hanya ya kashe mutum sama da 3,000 a ƙasar, sama da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye ne suka fito suka matsa wa hukumomi lamba, sannan tsadar mai ta 1973 ta zo ta ƙara musu hujja. Daga nan aka shiga gina hanyoyin keke da rage gudun motoci a cikin unguwanni, shekara bayan shekara. Darasin da na ɗauka a nan ɗaya ne: abin ya faro ne daga iyaye, ba daga ofis ba.

Akwai kuma misalin da ya fi taɓa mu, na karatun ƴan mata. A jihar Bihar ta Indiya, wadda ke cikin mafi talauci a ƙasar, gwamnati ta fara bai wa ƴan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke a 2006. Masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bi diddigin shirin, suka gano cewa ya ƙara yawan ƴan matan da ke shiga sakandare a kan lokaci da kashi 32 cikin 100. Mu dubi namu. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Tasawa da ta Mayahi kowacce na da mutum sama da rabin miliyan, mafi yawansu a ƙauyuka. Ba kowane ƙauye ke da kolej ba, lise kuwa sai manyan garuruwa. Yarinyar da ta gama firamare a ƙauye, zaɓinta uku ne: a nema mata mai riƙo a gari, ta riƙa taka kilomita biyar ko shida da ƙafa safe da yamma, ko ta zauna gida. Mun san wanda ya fi yawa a cikin ukun. Tafiyar kilomita biyar da ƙafa awa guda ce cur. Da keke bisa ƙasa mai tauri, minti ashirin zuwa ashirin da biyar ne. Amma keken ba zai yi amfani ba in ƙarshen tafiyar shi ne a jefa ta cikin cunkoson gudron.

To me za a yi? Ga abin da nake gani, kuma na jera su ne daga mafi sauƙi.

Na farko, a zauna a zana taswira, kuma a zana ta da waɗanda ke hawa keken. A shiga kolej da lise da manyan makarantun Islamiyya, a tambayi ɗalibai: daga wace unguwa kake fitowa, ta ina kake bi, ina ne ka fi jin tsoro? Kwamitocin iyaye da malamai da ke kula da lakwal za su iya wannan cikin sati biyu. A tambayi masu faci, don su ne ke ganin kekunan da aka lanƙwasa. Alli da babbar takarda kawai ake buƙata. Daga nan za a ga wurare huɗu ko biyar da kowa ke ambata.

Na biyu, a zaɓi lungu guda a arewacin gudron da guda a kudancinsa, masu tafiya daidai da shi daga wannan bakin gari zuwa wancan, a zuba musu latirit a daddaɓe da kyau. Faɗin mita uku ya ishi kekuna biyu su gitta wa juna. A haɗa su da ƴan gajerun rassa zuwa ƙofar lakwal, da kasuwa, da tasha, da likita. Inda ruwa ke kwanciya a ɗaga ƙasar, a yi mata kanibo, in hali ya yi a jera pave a wannan ɗan gutsuren kawai. Da zarar mai keke ya samu ƙasa mai tauri a cikin unguwa, ba sai an kore shi daga gudron ba, da kansa zai sauka. Kuma ribar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ɗan ga-ruwa mai tura kura, da mai keken guragu, da tsohuwa mai sanda, da mai ɗauke da mara lafiya, duk za su ci moriyarta.

Na uku, wuraren ƙetarawa. Tun da gari na gefe biyu na hanya, dole a ƙetara. A tsaida wurare kaɗan sanannu, a yi musu tudun rage gudu mai faɗi wanda ma'aikatar ayyuka ta auna, ba irin wanda matasan unguwa ke yi da dare bayan an yi haɗari ba, wanda shi kansa ke kada masu babur. A shafa masa fenti, a kafa allo tun daga nesa, a sa fitilar sola. A hana ajiye mota ko tebur mita goma kafin wurin da bayansa, don direba ya ga yaro, yaro ya ga direba. Lokacin shiga lakwal da lokacin tashi, a tsaida ɗan sanda ko wani babba da aka amince da shi.

Na huɗu, gudu. Daga inda shaguna suka fara zuwa inda suka ƙare, kilomita 30. Direba zai ce an ɓata masa lokaci, to mu lissafa. Kilomita uku a gudun 50 minti uku da rabi ne da ɗan ɗori. A gudun 30 minti shida ne. Bambancin bai kai minti uku ba, a tafiyar da ke cin yini guda daga Yamai zuwa Damagaram. Direban nan ya fi haka daɗewa wurin mai shayi. Tun da hanyar ta ƙasa ce, magajin gari shi kaɗai ba zai iya ba. Sai ya haɗa kai da ma'aikatar ayyuka, da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, da jandarmomi da ƴan sanda, da sandikar masu sufuri. Amma wani ne zai fara rubuta takardar, kuma wanda abin ya dama shi ke nema.

Na biyar, gefen hanya. A nan ne maganar ke da zafi, kuma ba zan ɓoye ba. Mai tebur a bakin gudron ba ɗan ta'adda ba ne, abincin iyalinsa yake nema, kuma inda jama'a ke wucewa nan ciniki yake. Ni ba na goyon bayan a wayi gari a turo mota ta kwashe tebura. An sha yin haka a manyan birane, bayan wata guda kowa ya dawo, sai dai an bar gaba a zukata. Abin da nake so shi ne a zauna da wakilan ƴan kasuwa da masu unguwanni a ƙarƙashin inuwar fada, a ja layi: kowa ya ja baya da mita ɗaya da rabi, ba a raba kowa da wurinsa ba. A riƙa share rairayin da ke taruwa a bakin titi. Mai teburin nan ma ɗansa na bin hanyar.

Na shida, wurin ajiya. Da yawa sun daina zuwa kasuwa da keke don tsoron ɓarayi. Rumfa da ƙarfen ɗaurewa da mai gadi a ƙofar kasuwa da cikin lakwal, a biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ga aikin yi ga matashi, ga kwanciyar hankali ga mai keke.

Yanzu bari in amsa abin da na san za a ce.

Za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne asusun komin ba shi da nauyi. Amma kwatanta kuɗin kilomita guda na gudron da na kilomita guda na latirit mai faɗin mita uku, ai ko kusa. Komin na karɓar harajin kasuwa da na tasha. Muna da al'adar gayya, muna da masu amalanke, muna da ƴan kasuwa da ƴan ci-rani da ke gina masallatai da rijiyoyi don neman lada. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kowa ya san wannan tun yana makarantar allo. Ba sai an yi duka a shekara ɗaya ba. A fara da hanya guda, amma a kai ta har ƙarshenta. Mun ga yadda bikin 18 ga Disamba ya canja fuskar Maraɗi a 2015 da Damagaram a 2018. Mu da ba manyan biranen jiha ba ne, in muka zauna jiran irin wannan rabo, jikokinmu ne za su gani.

Za a ce zamanin keke ya wuce, kowa babur yake so. Ba na musu, ni ma na san daɗin babur. Amma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ruwa-ruwa ya daina zama mai arha kamar da. A watan Maris na 2025 kuma mun ga dogayen layuka a gidajen mai a faɗin ƙasar nan. A ranakun nan mai keke bai tsaya layi ba. Magidanci mai ɗiya huɗu a lakwal, in zai biya wa kowanne kabu-kabu zuwa da dawowa kullum, me zai rage na cefane? Raina keke da muke yi, muna cewa abin hawan wanda bai samu ba ne, mu yake cuta. Likitoci kullum suna faɗa a rediyo cewa hawan jini da ciwon suga na ƙaruwa saboda zama wuri ɗaya. Alhajin da ya hau keke zuwa shagonsa bai rage daraja ba.

Za a ce ƴan kabu-kabu za su mamaye hanyar. Wannan damuwa ce ta gaske. Latirit mai kyau zai ja babura kamar yadda zuma ke jan ƙuda. Maganinta shi ne a kafa turaku a bakin lungun yadda mota da adaidaita ba za su shiga ba, a sa ƴan ƙananan tudu da za su hana babur gudu, a kuma zauna da shugabannin ƴan kabu-kabu tun kafin a fara. Babur mai tafiya a hankali a cikin unguwa ba shi ne abokin gabar mai keke ba. Gudu ne abokin gaba.

Za a ce a yi wa gari hanyar zagaye kawai, manyan motoci su bi ta baya. Madalla in an samu. Amma wannan aikin gwamnatin tsakiya ne mai cin biliyoyi da shekaru, kuma ko an yi shi, rairayin lungu na nan inda yake. Yaron da ke aji shida bana ba zai iya jira ba.

Za a ce bai dace ƴa mace ta hau keke ba. Wannan magana ce ta iyaye da malamai, kuma ina girmama su. Abin da zan ce kawai: akwai keken mata marar sandar tsakiya, wanda ake hawa da doguwar riga da hijabi ba tare da wata matsala ba. Kuma mu auna, wanne ya fi kusa da sutura da aminci: yarinya bisa kekenta tare da ƙawayenta a hanyar unguwa da kowa ke gani, ko a bayan babur ɗin wanda ba mu sani ba?

Sai Mayahi. Ita Allah ya hutar da ita daga babbar hanyar ƙasa, tun da hanyarta daga Cadawa ta rabu. Cunkosonta na ranar kasuwa ne, lokacin da mutanen Kanambakashe da Sarkin Hausa da Atantane da Gidan Amumun da sauran ƙauyukan Gulbin Kaba ke shigowa da amalanke da dabbobi da kaba da tabarmi. Wannan dama ce babba. Gari na faɗaɗa, ana yanka sababbin filaye. Ranar da ake zana lotisma, ƙara mita uku a faɗin titi bai wuce jan layi da fensir ba. Bayan an gina gidaje kuwa, mita ukun nan sai da rusau da diyya da shari'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ware hanyar keke daga kowace sabuwar unguwa zuwa lakwal da kasuwa, a dasa mata bedi a gefe don inuwa, a rubuta ta cikin takardun komin yadda wani ba zai zo gobe ya sayar da ita a matsayin fili ba. Hakanan sababbin unguwannin Tasawa, da manyan garuruwa irin su Korgom da Urafan da Kona.

Mu masu hawa keke ma akwai namu. Keke marar birki, ana tsayar da shi da silifa, ba jarumta ba ce. Tafiya da dare ba fitila, cikin baƙaƙen kaya, neman magana ne. Ƴar fitila mai caji da ɗan abin ƙyalli a baya ba su kai kuɗin katin waya na sati ba. A bi hannun dama, a daina jerawa uku-uku ana hira bisa gudron, a daina kama bayan kamiyo don ta ja ka. Iyaye, ku duba keken yaro kamar yadda kuke duba sakamakon jarrabawarsa. Malamai, minti goma a sati kan dokar hanya ba zai rage komai a darasi ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga watan Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018. Ba na neman a yi mana biki da riguna masu tambari. Abin da nake roƙon shugabannin riƙo na komin ɗin Tasawa da Mayahi, da masu martaba sarakunanmu, da kwamitocin iyaye, shi ne kafin wannan ranar ta sake zagayowa a ce an zana taswirar, an tsaida wuraren ƙetarawa, an kuma daddaɓe lungu guda daga farkonsa har ƙarshensa. Ku kuma ƴan'uwa, kowa ya faɗi wurin da ya fi ba shi tsoro a unguwarsu, da sunan wurin, don masu zana taswirar su san inda za su fara.

Allah shi kiyaye mana ɗiyanmu a tafiyarsu da dawowarsu, shi jiƙan waɗanda hanya ta ci, shi ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace. Amin.